Gargaɗi ga sabbin masu koyon ukulele: 'yan damfara na fakon mai son ƙara saye

Wanda ya fara koyon ukulele, wato ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya huɗu mai kama da jita, ba ya jimawa idonsa ke komawa kan ta biyu. Wata biyu da sayen ta farko, yatsu ba su gama sabawa da tsirkiya ba, sai ya ji an ce concert (matsakaiciya) ta fi soprano (ƙarama) sakewar yatsu, tenor (babba) kuma ta fi su cikar murya. Daga nan ya shiga leƙe-leƙen farashi a waya da dare. Wannan leƙen ne ke jawo masa tallace-tallace a Facebook da Instagram da TikTok, kuma a cikinsu ne 'yan damfara suke ɓuya. Sun san sabon ɗan koyo yana da sha'awa, amma bai kai ga gane katako ko sanin farashi ba.

Tallar da ta fi cin mutane ita ce ta shagon da wai zai rufe. Za ka ga hoton ukulele mai sheƙi, an rubuta sunan wani fitaccen kamfani kamar Kamaka ko KoAloha ko Martin, an ce ragi kashi 80 cikin ɗari, saura guda uku, ga agogo yana ƙirga mintocin da suka rage. Kamaka kamfanin iyali ne da ke Honolulu a Hawaii tun 1916, da katakon koa suke aiki, kuma koa ba ya fitowa a daji ko'ina sai tsibiran Hawaii. Sabuwar Kamaka takan haura dala 1,000. Duk wanda ya ce zai ba ka ita a dala 60, ba ita ce a hannunsa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Idan ka biya, abu uku ne ke biyo baya. Ko dai shiru, shafin ya ɓace bayan mako biyu. Ko a aiko maka da abin wasan yara, fenti ya rufe komai, tsirkiyarsa kamar igiyar kamun kifi. Na ukun ya fi ciwo: a turo maka lambar bibiyar kaya da wani shafin sufuri na bogi, ka riƙa ganin kayanka na tafiya daga gari zuwa gari, sannan a kira ka a ce an tsare su, sai ka biya kuɗin kwastan a wani asusu. Ka biya, a ce saura kuɗin inshora. Ka biya, a ce saura na ajiya. Mutum ya ci gaba da turawa don kada na baya su tafi a banza, alhali babu kaya tun farko. Harajin kwastan na gaskiya yana zuwa da takarda, kuma ba a zuba shi a asusun wani mutum mai zaman kansa.

Akwai damfarar da ta fi wannan laushi, domin kayan suna isowa kuma suna kaɗuwa. Ƙaryar tana cikin katakon. A rubuta koa, alhali wani ɗan'uwansa ne daga dangin acacia da ake shukawa a wasu ƙasashen, mai kama da shi a ido amma ba kusa da shi a kuɗi ba. Ko a ce tsantsar katako ne, alhali siraran falle uku ne aka manna da gam, na saman kawai ke da kyan zane. Ana gane wannan a bakin ramin da ke tsakiyar cikin ukulele. Haska fitilar waya a kaurin bakin. In tsantsar katako ne, za ka ga jijiyoyin itacen sun gangaro daga sama sun ratsa kaurin har ƙasa. In mannawa aka yi, za ka ga hawa-hawa, na tsakiya launinsa daban. Wanda ya shafe bakin da baƙin fenti kuma ya ƙi ɗaukar maka hotonsa kusa, akwai abin da yake rufewa.

A nan muna so a fahimce mu. Ukulele ta mannannen katako ba aibi ba ce. Kamfanoni irin su Kala suna sayar da ita a fili da sunanta, da farashinta. Ga mai zama a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ma ita ta fi dacewa. Tsantsar katako yana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55, a hunturu kuwa danshin yankinmu kan sauka ƙasa da kashi 20. Katakon sai ya tsuke, fuskar ta tsage daga jaki (katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa a fuskar) zuwa gindi, bakunan ƙarafan da ke jere a gicciye a wuya su fito suna yankan yatsa. Laifin mai sayarwa shi ne ya karɓi kuɗin tsantsa ya ba ka manne.

Sai masu zuga, waɗanda ke samunka a saƙon sirri bayan ka yi tambaya a wani zauren intanet. Ka ce ukulelenka ba ta riƙe sauti, ya ce ai ta mutu, yana da wata mai kyau. Kafin ka yarda da shi, ka san cewa sabuwar tsirkiyar nailan tana miƙewa har mako ɗaya zuwa biyu, kullum sai an sake ɗaure ta, kuma wannan ba lalacewa ba ce. In maɗaurin ne ke sulɓewa, sukurun da ke bayansa ake ƙara wa kwatan juyi. In yatsu ke ciwo, auna tazarar tsirkiya daga saman ƙarfe na 12 a jerin ƙarafan wuya, in ka ƙirgo daga kai: milimita 2.5 zuwa 3 shi ne daidai. Ta haura haka, a zare farin ƙashin da ke kan jaki a goge ƙasansa da sanfefa a kan abu mai shafe. Don rage milimita 1 a ƙarfe na 12, milimita 2 ake cirewa a ƙashin, kuma a riƙa yi kaɗan-kaɗan ana gwadawa, domin in aka zarce tsirkiya za ta riƙa zuza a kan ƙarafa. Wannan aikin rabin sa'a ne a wurin mai gyaran jita.

Aibin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne jakin da aka manna ba a wurinsa ba, kuma shi ne ya cika a kayan jabu. Ɗauki ma'auni. Daga ƙashin saman wuya zuwa ƙarfe na 12 ya zama rabin tsawon tsirkiya. Daga nan zuwa ƙashin jaki ya zama daidai da shi, ko ya ɗara da milimita biyu zuwa uku. Tsawon tsirkiyar soprano wajen santimita 33 ne, concert 38, tenor 43. Sannan buɗe manhajar daidaita sauti a waya, kaɗa tsirkiya a sake, ka sake kaɗa ta kana danne da ƙarfe na 12. Harafi ɗaya ya kamata ta nuna, allurar na kusa da tsakiya. In ta kauce da nisa a dukkan tsirkiyoyi huɗu, kada ka saya, ko nawa aka rage.

Game da kwaɗayin girma dabam-dabam kuwa, soprano da concert da tenor duk ɗauri ɗaya ake musu, G C E A, kuma wurin danna yatsu ɗaya ne. Sayen ukun ba zai koya maka komai sabo ba. Baritone, wadda ta fi tenor girma, ce kaɗai ta fita daban da D G B E, irin tsirkiyoyi huɗun jita masu siririyar murya. Mai son jin sabon amo ya sauya tsirkiyar G da mai kauri wadda ke ba da ƙasan murya, ko ya gwada saitin tsirkiyar fluorocarbon (wani nau'in roba) a madadin ta kamfanin Aquila da yawancin sabbi ke zuwa da ita. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabuwar ukulele mai kyau ba, kuma bambancin yana fitowa a kunne.

In ka tabbata kana buƙatar ta biyun, sa mai sayarwa ya yi maka bidiyo guda marar yanka: takarda mai sunanka da kwanan watan ranar a gefen kayan, ya nuna tambarin da ke cikin ramin, ya kaɗa kowace tsirkiya a sake da kuma a ƙarfe na 12, ya juya bayan wuya a ga ko akwai tsaga. Mai kaya na gaskiya zai yi wannan cikin minti uku. Saka hotunan tallar a Google Lens; in suka bayyana a shagon wata ƙasa da wani farashi, sato su aka yi. Manyan kamfanoni suna jera dillalansu a shafukansu, duba ko sunan shagon na ciki, kuma za ka iya aika musu hoton tambari da lambar kayan ka tambaya. Bincika ranar da aka yi wa adireshin shafin rajista ta whois, wato shafin da ke nuna bayanan rajistar adireshin intanet. Shagon da ke iƙirarin shekara ashirin amma adireshinsa bai cika wata biyu ba, ka fita daga ciki.

Wajen biya, a cikin gida ka nemi biya bayan ganin kaya, ko ka tura wanda ka yarda da shi ya duba da idonsa. Sunan asusun banki ya dace da sunan shagon. A waje, kada ka yarda da katin kyauta ko kirifto, kuma kada ka tura ta ɓangaren 'yan'uwa da abokai na PayPal, domin wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye, shi ya sa suke nacewa a kanta.

Wanda kuɗinsa suka riga suka fita ya kira bankinsa a ranar, ya ba da lambar cinikin ya nemi a bi sawun kuɗin, domin sa'o'in farko ne ake iya cin ma asusun kafin a kwashe. Ya adana hoton hira da talla da rasit kafin a goge shafin. A Najeriya ana kai ƙorafi ga FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ko EFCC, ko 'yan sanda. Bayan kwana kaɗan wani zai iya tuntuɓarsa ya ce zai ƙwato masa kuɗin in ya biya kafin alƙalami. Sau da yawa mutanen farkon ne suka dawo da wata lambar waya, kada a tura musu ko sisi.