Kasuwar Kirsimeti a Turai: Innsbruck Ce Zaɓina

Idan kuɗin tafiya ɗaya ne a hannunka a watan Disamba, ka nufi Innsbruck ta ƙasar Ostiriya. Babbar kasuwarta a tsohon gari take ci, a gindin rufin zinarin nan da aka kammala a 1500 don Sarki Maximilian na Ɗaya, mai fallayen tagulla 2,657 da aka yi wa ruwan zinari. Kana cikin ciniki, da ka ɗaga kai sai ka ga tsaunukan Nordkette a samanka, fari fat da dusar ƙanƙara. Daga tsakiyar gari za ka hau ƙaramin jirgin ƙasa zuwa unguwar Hungerburg, sannan motar igiya ta ɗaga ka har tashar Seegrube a kan tsaunin, tsayin mita 1,905, ko da ba ka taɓa wasan zamiya a kan ƙanƙara ba. Garin nan sau biyu yana karɓar gasar Olamfik ta hunturu, a 1964 da 1976, don haka sun san yadda ake tarbar baƙo cikin sanyi. Kada ka wuce kiachl, ƙullun fulawa da ake soyawa kamar fanke a gabanka, a zuba masa jan miyar 'ya'yan itace yana tururi. Ka dai tambayi irin man da aka soya shi.

Kasuwar Dresden ta Jamus ta fi tsufa, tun 1434, ta Strasbourg a Faransa kuma tun 1570, amma duk ba tsaunin da zai tsaya maka a kai. Nuremberg ta Jamus turmutsutsu ne. Zermatt ta Suwizalan akwai kyau, sai dai tsadarta ta masu hannu da shuni ce.

Abin da na fi dubawa yanzu shi ne kayan sassaƙa. Wani mai rumfa ya taɓa rantse mini cewa ɗan mutum-mutumin katakon da na saya aikin hannu ne. Da fenti ya ɓare, sai ga roba a ciki. Jabu ya cika kasuwannin nan. Ka ɗauki kaya ka ji nauyinsa, ka juya ƙasansa ka nemi tambarin mai sassaƙa. Na gaske daga yankin Erzgebirge na Jamus yakan zo da alamar mahayi a kan dokin katako. Idan ka ga iri ɗaya sak a rumfa biyar, daga masana'anta ya fito, kuma araha ba ta ado. Haka masu tallar masauki a Facebook da ke cewa ka tura kuɗi kafin ɗaki ya ƙare: kada ka tura ko sisi sai ka kira otal ɗin da kanka.

Glühwein, abin sha mai zafi da ake sayarwa a rumfuna, giya ce, mai gudun barasa ya nemi Kinderpunsch da ake haɗawa don yara, yawancin tsiran nama kuma na alade ne. Kuɗin da ake ƙara maka a kan kofi ba zamba ba ne, jingina ce. Mayar da kofin a rumfar ka karɓi kuɗinka.