Ɗalibi mai surutu da ɗalibi shiru-shiru: me ke zaburar da kowannensu?

Malama, kin tambaya ko dabarar da ke zaburar da yaro mai yawan magana a aji za ta yi aiki a kan wanda ba ya son buɗe baki. Da wuya. Darasi ɗaya za ki koyar da su, amma ba ta hanya ɗaya za ki jawo su ba.

Tun a 1921 masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya bambanta masu karkata ga jama'a da masu karkata ga abin da ke ransu. A kan aikinsa ne Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka gina gwajin halayya da ya raba mutane gida 16.

Mai surutu, mai karkata ga jama'a, da bakinsa yake tunani. Sai ya fara magana amsar ke zuwar masa, shi ya sa hannunsa ke sama tun ba ki gama tambaya ba. Ki ba shi muhawara, ko ya fito gaban allo ya yi wa 'yan'uwansa bayani. Yabo a bainar jama'a na ƙara masa ƙaimi, dogon zaman shiru kuwa na kashe masa gwiwa.

Shiru-shiru kuwa sai ya gama tauna amsar a ransa. Ki kira sunansa ba zato, za ki ga ya sunkuyar da kai yana murza biro, alhali ya sani. A ganina shi aka fi zalunta, don ana ɗaukar shirunsa daƙiƙanci. A farkon shekarun 1970 mai bincike kan koyarwa Mary Budd Rowe ta gano cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Da aka kai jiran daƙiƙa uku, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba a jin muryarsu suka fara tankawa. Shi shiru-shirun, layi biyu na yabo da jan biro a littafinsa ya fi masa tafin aji guda.

Dabarar da masanin koyarwa Frank Lyman ya fito da ita a 1981 ta haɗa su biyun: kowa ya yi tunani shi kaɗai, ya tattauna da na kusa da shi, sannan a gaya wa aji. Mai surutu ya koyi haƙuri, shiru-shiru ya gwada amsarsa a kunne ɗaya tukuna.

Gwajin gida 16 ɗin dai kada ki jingina da shi sosai. Mutum kan sake yinsa bayan 'yan makonni ya faɗa wani gidan daban, kuma yawancin yara a tsakiya suke. Wanda bai cewa uffan a darasin lissafi, ki leƙa shi a filin wasa kafin ki yanke masa hukunci.