Kamfanin da ya shirya mana tafiyar Garwa: takardu sun yi, mai ne ya ba mu kunya

Cessna 182 nake tuƙa wa wani Alhaji a Kano, kuma duk tsawon aikina da shi ba mu taɓa ƙetare iyaka ba sai cikin hunturun nan, da ɗaurin auren 'yar abokin cinikinsa ya taso a Garwa, arewacin Kamaru. Tafiyar kilomita 600 ce da 'yan kai, awa biyu da rabi a sama. Tashin ba shi ne abin da ya dame ni ba. Takardu ne, don haka na ɗauki ɗaya daga cikin kamfanonin nan masu nemo wa ƙananan jirage izinin shiga da sauka, su haɗa ka da wakili a can, su tabbatar maka da mai. Ba zan kama sunansu ba.

Bari in fara da abin da suka iya, don haƙƙi ne. Ranar da na tuntuɓe su suka aiko jerin abin da suke so: rajistar jirgi, shaidar lafiyarsa, inshorar da ta haɗa da Kamaru, lasisina da takardar likita, da fasfo ɗin mu uku. Wata baiwar Allah a ofishinsu ce ta lura inshorarmu iya Najeriya ta tsaya, abin da ni da nake riƙe da takardar shekara guda ban taɓa karantawa ba. Da ba ta gani ba, da a can za mu sha mamaki. Cikin kwana huɗu lambar izini daga hukumar jiragen saman Kamaru ta iso, na sa ta a takardar tsarin tafiya. Sun kuma cike mana Gendec, wato takardar da ke ɗauke da lambar jirgi, inda ya taso, inda za shi, da sunayen waɗanda ke ciki, suka ce in buga kwafi takwas. Na yi dariya a raina. Bakwai aka karɓa kafin mu dawo: kwastan na so, shige da fice na so, jami'in lafiya na so, nan da can.

A Garwa wakilinsu na tsaye da rigarsa mai ƙyalli tun kafin farfela ta tsaya. Bafulatani ne, Hausarsa tas, Faransancinsa tas, ga Fillanci. Shi ya shige gaba wurin 'yan duwan, wato kwastan, ya nuna katinmu na rigakafin shawara, ya kai ni ofishin ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyar ƙasar, na biya kuɗinsu. A nan ma shawarar kamfanin ta yi rana, domin sun gargaɗe ni kada in yi canji da sefar Nijar. Darajarta ɗaya da ta Kamaru, amma takardun kuɗin daban ne, ta yamma ba ta ci a tsakiyar Afirka. Minti arba'in muka fita.

To, sai maganar mai.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka man jirgi ɗaya ne. Iri biyu ne. Manyan jirage Jet A-1 suke sha, ɗan'uwan kananzir, kuma shi ne ake samu a kusan kowane babban fili. Injin fistan irin nawa avgas 100LL yake sha, fetur ne na musamman mai launin shuɗi, kuma a wannan yankin namu nemansa ake yi kamar ruwa a rani. Ka zuba wa injina kananzir, zai iya tashi da ragowar da ke cikin bututu, ya mutu maka kana sama da bishiyoyi.

Tankunana suna cin kusan lita 330, nauyin kilo 240 ke nan. Ga ni, ga Alhaji wanda ba ƙaramin mutum ba ne, ga ɗansa, ga akwatunan gudummawa. Ba yadda za a yi in cika tanki in ɗauki wannan duka. Sai na tambayi kamfanin a rubuce ko akwai mai a Garwa. Amsa ta zo: an tabbatar, akwai. Da wannan kalmar na zuba lita 250 na tashi. Jirgin na shan wajen lita 50 a awa, na sauka da ɗari da 'yan kai.

Washegari da safe na ce wa wakilin a kawo mai. Can sai ga tanka ta doso, da harafi manya a jikinta: Jet A-1. Na ɗaga wa direban hannu tun daga nesa.

"Kyaftin, ba shi kuka ce ba?" in ji wakilin.

"Malam, shuɗin nake nufi."

Ya riƙe haɓa. A saƙon da aka turo masa daga ofis, kalmar mai kawai aka rubuta, ba a faɗi iri ba. Su kuma suna da nau'in jirgina a gabansu tun ranar farko, a kan rajistar da suka nema da kansu. Wannan ne abin da har yau ban yafe ba. Ni ma dai da nawa laifin, tunda ban ce a turo mini hoton duro ba, ban kuma nemi lambar mai sayarwa na ji daga bakinsa ba.

Alhaji ya ce, "Yanzu abin da ya rage ba zai kai mu gida ba?" Na ce, ranka ya daɗe, ko sararin sama tas yake ba zai kai ba, balle ga hazo ya rufe Kano, in muka je ba mu ga titi ba sai mun nemi wani fili. Yola na nan kusa, kilomita ɗari, amma izininmu ta Kano ya ce mu koma, kuma da na buga waya can ma ban sami shuɗin ba. Ya yi shiru, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya koma wurin biki. Ni na zauna gadin waya.

Kwana uku aka yi kafin duro ɗaya mai lita 200 ya iso a bayan a-kori-kura daga kudu, ta hanyar Ngaundere. A nan kamfanin ya ɗan wanke kansa. Ba su yi gardama ba, sun ɗauki kuɗin mota, sun kuma sabunta izinin fitarmu da ya ƙare ba tare da sun caje mu ba. Masauki da kuɗin ajiye jirgi na ƙarin kwanakin kuwa aljihun Alhaji ya ji su.

Da duron ya zo ban yarda da kowa ba. Na duba hatimin murfin, na duba kwanan watan da aka cika shi, na sa aka jingine shi ya huta awa guda don in akwai ruwa ko datti ya kwanta. Na ɗebo a kofin gilashi na ɗaga wa rana: shuɗi garau, ba ɗigon ruwa a ƙasa. Na ɗiga a farar takarda, ya bushe bai bar maiƙo ba, alamar ba a gauraya da kananzir ba. Sannan muka haɗa wayar da ke sauke lantarki tsakanin duro da jirgi, muka zuba da famfon hannu ta mazurari mai tacewa, ni a kan tsani, wakilin yana murzawa yana gumi. Ɗan Alhaji na ɗaukar mu a waya.

Zan sake ba su aikin izini da kwastan, don a wannan fannin ban ga inda suka gaza ba, kuma kuɗinsu bai kai wahalar da za ka sha kana bin ofisoshin wata ƙasa da harshen da ba ka iya ba. Mai kam na cire shi daga hannunsu. Alhaji na maganar Injamena bayan Sallah, na riga na gaya masa ba zan tayar da inji ba sai hoton duro ya shigo wayata, da rubutun 100LL a jiki da hatiminsa.