Hoton iyali a Damagaram: ɗakin mai hoto ko waje?

Ƴar'uwa, kin ce kina son hotonku da Inna da yara, amma da zarar Inna ta ga kyamara sai ta ɗaure fuska kamar za a yi mata hoton katin ɗan ƙasa. Shin ki kai su ɗakin mai hoto ne, ko a ɗauka a waje?

Ɗakin mai hoto yana da sirri da inuwa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Zinder ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne: hoda ba ta dagulewa, riga ba ta jiƙewa da gumi, haske kuma a hannun mai hoto yake ko da tsakar rana ce. Sai dai wurin baƙo ne ga tsohuwa. Fitila a gabanta, labule a bayanta, wasu na jira a bakin ƙofa, ga yaron da ta yi jika da shi yana ce mata ta ɗaga haɓa. Shadda mai ƙyalli tana mayar da hasken filasha, tabarau ma haka. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke kuwa, sai zaman jira har yara su gaji.

Waje ya fi kyau a ido, ba na musu. Gidajen ƙasa na Birni da zanensu, da manyan duwatsun nan namu, babu labulen da zai kama ƙafarsu. Amma lokaci ne ke mulki. Bayan la'asar, kamar awa guda kafin magariba, rana ta yi ƙasa, haskenta ya yi laushi, fata ta fito da kyau. Da azahar kuwa inuwa ce za ta zauna ƙarƙashin ido, kowa yana ƙanƙance fuska. A hunturu hazo yana tausasa hasken, amma leɓe na tsagewa, ƙafa ta yi fari, don haka a shafa man kaɗanya tun daga gida. Kusa da fadar Sarkin Damagaram ko ƙofar gidan wani, a nemi izini tukuna. Babbar matsalar ita ce idon jama'a: yara za su taru, ƴan kabu-kabu su tsaya kallo, Inna kuma ta ja mayafi ta ƙara tsukewa.

Ni da za ki bi tawa, waje zan zaɓa, amma wajen tsakar gidanku. Ki shimfiɗa mata tabarma inda ta saba zama, cikin inuwa, fuskarta na duban fili, carbinta a hannu, autan jikoki a cinya. Mai hoto ya iso da wuri, ya durƙusa ya gaishe ta, ya sha ruwa, a taɓa hira kafin ya fito da kyamara. Ke kuma ki tsaya bayansa ki tuno mata labarin da ke sa ta dariya. In namiji take jin nauyi, ki nemi mace mai ɗauka.

Ƙunshin lalle a yi shi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Kada Inna ta sa sabon ɗinkin da ba ta taɓa gwadawa ba, gara atamfar da jikinta ya saba da ita. Yadi mai ƙananan ratsi yana rawa a hoto, a bar shi. Yara su ci su ƙoshi, a kwashe bokitai da igiyar shanya daga baya. Ki kuma yi magana da mai hoton tun farko cewa ba za a sa hoton Inna a Facebook ko WhatsApp ba sai da yardarta.

In a tsakiyar bazara ne kuma gidan babu inuwa, to ku tafi ɗakin mai hoton da safe, ki roƙi lokacin da babu layi.