Injin walda na lantarki ko tukunyar kabayid: wanne ya dace da garejin gida?

Ɗan'uwa, tun daren jiya na ga tambayarka, sai yau da hantsi na samu zama. Ka ce kana unguwar Mabera a Sakkwato, kana da gareji a cikin gida, kuma akwai tsohuwar Peugeot 504 ta mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, da ta daɗe a kan bulo. Kana so ka tada ta da hannunka a ranakun Asabar da Lahadi, ka kuma riƙa ƙera 'yan kayan gida irin su tebur, ragar taga da ƙafar tankin ruwa. Kuɗin hannunka na abu ɗaya ne: ko injin walda na lantarki, ko tukunyar kabayid da silindar oksijin irin ta masu gyaran bodi.

Na riƙe duka biyun, kodayake ni ma ɗan sha'awa ne kamarka, ba sana'ata ba ce. Amsata ita ce ka sayi na lantarki, ƙaramin nan da ake kira inbata. Amma ka sani tun kafin ka biya, ba shi ne zai gyara maka ƙasan Fijo ba.

Kaurin ƙarfe ne ke raba gardamar. Bodin mota, wato ƙofa, bonet da ƙasan da ake taka ƙafa, galibi bai kai milimita 1 ba. Bututun salansa ya ɗan fi shi, wajen 1.5. Angul ɗin da za ka yi tebur da shi kuwa daga 3 zuwa 5 ne. Wutar da ke tashi tsakanin bakin sandar walda da ƙarfe ta haura digiri 5,000, kuma wuri ɗaya take zuba zafinta. Harshen gas, wato wutar tukunyar kabayid da oksijin, wajen digiri 3,200 ne, yana bazuwa, kana iya matso da shi ko ka ja baya. Shi ƙarfe wajen digiri 1,500 yake narkewa. To a kan angul, wannan zafin na lantarki alheri ne, nan take zai ratsa ya haɗe biyu su zama ɗaya. A kan siririn faranti kuwa, kafin ka ce kwabo ya huda.

Ni da salansa aka koya min. Rami ɗaya ne da ita, bai fi ƙwayar wake ba. Na ɗauko sanda geji 10, wato mai kaurin milimita 3.2, na murɗa injin sama, ina ganin ai minti biyu ne. Na tashi da ramuka uku, kowanne ɗan yatsa na shiga. Da na kai wa wani dattijo mai gyaran bodi, ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Wa yay yi maka wanga aiki? Wanga ai ba walda ba ta, halbi na." Ban ce masa ni ne ba. Na zauna a kan benci ina kallon hannunsa. Bakin wuta a dama, 'yar waya a hagu. Sai ya bari gefen ramin ya yi ja, ya koma ruwan goro, ya yi ɗan tafki kamar ƙwayar dawa, sannan ya tsoma wayar, ya ɗaga wutar, ya matsa gaba. Ba gaggawa, ba tartsatsi. Idonsa a kan launin ƙarfen yake, kamar yadda za ka ga maƙera na yi a unguwar Maƙera Assada idan sun zaro ƙarfe daga gawayi. A nan gas ya yi wa lantarki nisa, ba musu.

Kuma ba nan kaɗai ba. Da gas ake gasa noti da ya ci tsatsa ya ƙi kwancewa, kuma Fijo da ta yi shekaru a ajiye za ta ba ka irinsu da yawa. Da shi ake lanƙwasa rodi, ake liƙi da sandar tagulla, ake yanka faranti mai kauri. Aibinsa a bodi shi ne zafin da yake bazawa na sa faranti ya murɗe, shi ya sa ba ka ganin mai gas ba tare da guduma da ƙarfen tokare a gefensa ba. Rabin aikin walda ne, rabi bugu.

Sai zancen wuta, wanda a Sakkwato ba a tsallake shi. Gas ba ruwansa da an kawo ko an ɗauke. Na lantarki kuwa sai ka yi lissafi. Sanda geji 12, mai kaurin milimita 2.5, tana son amfiya 60 zuwa 90. Geji 10, mai 3.2, tana son 90 zuwa 130. Idan kana aiki a kan 80, inbata na jan sama da kilowat 2 daga bango. Ƙaramin janareton nan na kallon ƙwallo da cajin waya ba zai ko motsa shi ba. Mai kVA 5 ne zai riƙe shi hankali kwance. Kada kuma ka jona shi a siririyar wayar da ake jawo wa fanka, narkewa za ta yi. Ka sa mai gyaran wuta ya ja maka soket nasa na kansa.

Bari in ɗan ratse, don na san za a ce maka ka sayi babban injin taransifoma irin wanda ake naɗawa a gida. Ba shi da saurin mutuwa, gaskiya ne, kuma idan ya ƙone akwai mai sake naɗa shi. Amma nauyinsa sai mutum biyu, yana shan wuta har fitilun maƙwabta su riƙa lumshewa, kuma da yamma idan wuta ta yi rauni sandar sai ta yi ta mannewa a ƙarfe kana fizga. Inbata kilo biyar ne ko shida, a kafaɗa ake rataya shi, wutarsa a daidaice take, ga maɓallin da za ka rage amfiya ƙasa sosai. Ga mai koyo wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai inbata ɗan gata ne, kuma garinmu ba ya shagwaɓa kaya. Ka duba jikinsa, za ka ga an rubuta wani kaso, misali 60%. Ma'anarsa a cikin minti goma zai yi aiki shida ya huta huɗu, kuma a zafin digiri 40 ake auna hakan. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu inuwa ma ta wuce 40, balle gareji mai rufin kwano da azahar. Ka yi aikinka da safe ko bayan la'asar. Idan jar fitilar zafi ta kama, kada ka kashe shi, ka bar fankarsa ta ci gaba da juyawa har fitilar ta mutu. Abu na biyu ƙura. Fankar nan iska take zuƙa ta bi ta kan kayan cikinsa, kuma da hunturu ka san abin da ke cikin iskar. Ƙurar hazo ma da sauƙi. Wadda ke kisa ita ce garin ƙarfen da injin gurza ke watsawa. Inbata na farko da na saya haka ya tafi: na ajiye shi a ƙasa, na juya masa baya ina gurza angul, tartsatsin na zuba daidai bakin fankar. Sati uku aka yi a haka, ranar nan na kunna sai ƙara da hayaƙi. Wanda nake da shi yanzu a saman kanta yake zama, nesa da wurin gurza, ina rufe shi da buhu in na gama, lokaci-lokaci kuma in kai wa mai faci ya hura masa iska. Tukunyar kabayid ba ta san wannan laulayin ba.

To me ya sa duk da haka ban ce ka sayi gas ba? Saboda garejinka a cikin gida yake, bango ɗaya ne tsakaninsa da iyali.

Kabayid dutse ne da idan ruwa ya taɓa shi yake fitar da iskar asitilin, shi ne dai wanda wasu ke nuna ayaba da mangwaro da shi, NAFDAC na ta gargaɗi. Ita asitilin ba ta da haƙuri. Idan matsinta ya wuce psi 15, wato rabin iskar da ake sa wa tayar mota, tana iya fashewa da kanta ba tare da ta haɗu da wata iska ba. Idan ta tsiyaya a ɗaki, kashi 2.5 cikin ɗari kawai ya isa ta kama da wuta. Tukunyoyin da ake haɗawa a gida da yawansu ba su da abin tare wuta idan ta koma baya ta cikin tiyo, kuma takan koma, musamman a hannun mai koyo da ke kusanta baki da ƙarfe fiye da kima. Ita kuma silindar oksijin, idan a cike take, matsin cikinta ya ninka na taya kusan sau saba'in, kuma ba ta shiri da mai ko giris ko kaɗan, alhali gareji duk inda ka dafa mai ne. Ga damina: kabayid da aka bari a gwangwani mara murfin kirki, laima kaɗai ta isa ta sa ya riƙa fitar da iska a hankali cikin dare. Warinsa kamar tafarnuwa ne. Dattijon nan da na ba ka labari a fili yake aiki, ƙarƙashin dogonyaro, iska na kaɗawa ta ko'ina, kuma ya yi shekaru a hannun ubangida kafin a bar shi ya kunna. Kai ba ka da ko ɗaya cikin biyun.

Ba wai na lantarki ba ya cizo ba. Yana yi, amma yawancin cizonsa kai kaɗai yake samu, kuma ana iya kare shi da kuɗi kaɗan. Hasken walda na ƙona ido, ba kuma a lokacin za ka ji ba. Sai tsakar dare ka farka kamar an zuba maka yashi, hawaye na zuba, ba ka iya kallon ko fitilar waya. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare shi. Ka sayi garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11, da safar hannu ta fata, ka sa riga mai dogon hannu ta auduga, don mai roba narkewa take ta manne a fata. Ba a walda da silifas, ba a yi a kan jiƙaƙƙen siminti. Yara su bar wurin, su ma idonsu ido ne. Idan bututun ruwa mai farin shafi za ka liƙa, ka gurje shafin tukuna ka yi a waje, hayaƙinsa na sa zazzaɓi.

Wajen koyo, na lantarki ya fi wuya a kwana ukun farko, ya fi sauƙi bayan nan. Sandar za ta manne, za ka yi tsaki, sannan wata rana hannunka ya gane tazarar, ka ji ƙarar ta koma kamar ana soya ƙosai. Ka nemi sanda mai lamba E6013, ita ce ta kowa da kowa, tana da saurin kamawa kuma ɓawonta na ɓarewa ba wahala. Ka adana ta inda ba laima. Gas kuwa hannu biyu yake so su yi aiki daban-daban a lokaci guda, ga daidaita iska biyu kafin ma a fara.

Yanzu ita Fijo. Wannan mota da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975 tana da wani sauƙi: kafireto gare ta, ba ta da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Duk da haka ka cire kan batir kafin ka taɓa ta da walda, ka kuma maƙala wayar at, wato wayar injin da ake kama jikin ƙarfe da ita, kusa da inda kake aiki, kan ƙarfe da ka gurje ya yi fari. Idan ka maƙala ta nesa, wutar na iya bi ta cikin boris ko siraran wayoyi ta nemi hanya. A motar zamani ta Kwatano wannan sakacin ƙwaƙwalwar yake ƙonawa. Da inbata za ka iya yi mata mariƙin salansa, mazaunin batir da ruwan batir ya cinye, ƙarfen bamba, ƙafar kujera. Salansar ma za ta yiwu idan hannunka ya faɗa: sanda geji 14, amfiya 40 zuwa 50, ɗigo-ɗigo kana tsallakawa kana barin ya huce, ba jan layi ba. Idan akwai guntun jan ƙarfe ka tokare bayan ramin da shi, zai sha zafin kuma walda ba ta kama shi.

Tankin mai kuwa, ko da wasa. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, don tururin da ya rage shi ne ke fashewa, kuma wanki da ruwa ba ya fitar da shi duka. Haka kayan sitiyari da na birki da sifirin, idan sun tsage sauyawa ake yi.

Injin da aka yi don bodi shi ne wanda ake kira MIG, mai turo siririyar waya ta milimita 0.6 ko 0.8 da kansa. Idan nan gaba sha'awar ta zauna kuma aljihu ya yarda, shi ne na biyu da za ka saya, ba kabayid ba. Don gasa noti kuwa, ɗan bakin wuta da ake jonawa da gas ɗin girki ya wadatar.

Kafin nan, ga yadda zan yi da a ce ni ne. In ɗaga kafet ɗin Fijo in bi ƙasan da bakin sukudireba. Ƙasarmu busasshiya ce, sau da yawa tsatsar ba ta kai yadda ake tsoro ba, sai inda ruwa ya riƙa kwanciya ta robar gilashi. Inda ya ruɓe in zagaye da alli, in sauke tanki da tiyon mai da hannuna, in cire kujeru, sannan a ja ta zuwa wurin mai gas, in zauna kan benci ina kallo. Shi kuma inbata, aikinsa na farko guntayen angul ne daga wurin 'yan gwangwan. Ka ƙona fakiti guda a kansu, kowane liƙi ka sa shi a ƙasa ka buga masa guduma ka ga ko zai rabu. Ranar da gudumar ta lanƙwasa ƙarfen ba ta raba liƙin ba, sai ka fara teburin, shi ma na aikin gareji tukuna, ba wanda uwargida za ta ɗora tukunya a kai ba.