Q+A ko Insiders: wanne zai fahimtar da kai siyasar Ostiraliya?

Ƙanena, ka ce ka samu gurbin karatu a Ostiraliya kuma an ambata maka shirye-shirye biyu na ABC, tashar talabijin ta ƙasar, wato Q+A da Insiders, kana tambaya wanne za ka riƙa kallo don ka gane siyasar ƙasar kafin ka iso. Allah ya sanya alheri. Toh abu na farko dai, Q+A babu shi yanzu, ABC ta sanar da rufe shi a watan Yunin 2025 bayan ya shekara 17 ana yi. Amma tsofaffin suna nan a YouTube, kuma ni ba zan ce ka tsallake su ba, bari ka ji dalili.

Q+A a watan Mayun 2008 ya fara, Tony Jones ne ya riƙe shi har ƙarshen 2019, kuma mafi yawan shekarunsa daren Litinin ake yi kai tsaye. Mutum biyar ake jerawa a teburi, galibi minista ko ɗan majalisar gwamnati, ɗaya daga adawa, sai marubuci ko malamin jami'a ko ɗan gwagwarmaya. Gishirin abin shi ne ba ɗan jarida ke tambaya ba, jama'ar da ke zaune a zauren ne. Manomi, ɗaliba, tsohon soja, matar da kuɗin haya ya sha mata kai, sai ta miƙe da 'yar takarda a hannu, wani lokacin har ka ga takardar na rawa, ta kalli minista ido cikin ido ta karanta tambayarta, shi kuma ba shi da inda zai ɓuya don kyamara na kansa.

Insiders kuwa ya girme shi, tun Yulin 2001 yake. Barrie Cassidy ne ya fara shi, mutumin da ya taɓa zama sakataren yaɗa labarai na firaminista Bob Hawke, ya sauka a 2019, daga 2020 David Speers ke riƙe da shi. Lahadi ƙarfe 9 na safe. Babu jama'a, babu tafi, babu ihu. 'Yan jarida uku ne a zaune suna fashin baƙin abin da ya faru a makon, sai hira guda mai ɗan tsawo da ɗan siyasa ɗaya, sai wani ɗan sashe da suke kira Talking Pictures inda ake duba hotuna da zanen barkwancin jaridu.

Wato shi Q+A dandali ne, shi kuma Insiders zauren 'yan ciki ne kamar yadda sunansa ya nuna.

A dandali ne kake ganin zuciyar mutane. A Oktoban 2010 wani mutum ya cire takalmansa ya jefi tsohon firaminista John Howard da su a cikin shirin saboda yaƙin Iraƙi, bai same shi ba. A 2015 aka bar Zaky Mallah, wanda kotu ta taɓa wankewa daga tuhumar ta'addanci amma ta ɗaure shi kan yi wa jami'an tsaro barazana, ya yi tambaya, abin ya fusata firaminista Tony Abbott har ya hana ministocinsa zuwa shirin na wani lokaci. Amma wanda nake so ka nema ka kalla tun kana gida shi ne na Fabrairun 2017, inda sanata Jacqui Lambie ta ce duk mai goyon bayan shari'ar Musulunci a kore shi daga ƙasar, sai Yassmin Abdel-Magied, wata matashiya injiniya haifaffiyar Khartoum da ta tashi a Brisbane, ta tare ta tana tambayarta ko ta ma san mece ce shari'a, tana ce mata ai sallah biyar ɗin da take yi kullum ma shari'a ce. Ranar na kasa zama, a tsaye na ƙarasa kallo. Kai Musulmi ne baƙin fata mai shirin zuwa ƙasar, wallahi mintocin nan kaɗan za su nuna maka irin muhawarar da ake yi a kanka, da masu tsoronka da masu tsaya maka, har tafin 'yan kallo ma darasi ne in ka lura da inda ake yinsa da inda ake shiru. Insiders ba zai taɓa ba ka wannan ba.

Laifin Q+A dai zafi ya fi haske yawa a wasu makonnin, mutum biyar cikin awa guda kowa ya ɗan taɓa a wuce, 'yan siyasa kuma suka koyi zuwa da haddarsu. Daga baya masu gabatarwa suka yi ta sauyawa, Hamish Macdonald, sai Stan Grant, ɗan asalin ƙasar daga ƙabilar Wiradjuri, wanda ya ajiye aikin a Mayun 2023 saboda zagin wariyar launin fata da aka yi ta masa a intanet, sai Patricia Karvelas da ta riƙe shi har aka rufe. Tafiyar Stan Grant ta ɓata min rai sosai, har yau.

In kuwa so kake ka gane yadda mulki ke juyawa, Insiders ne malaminka. A can ba jama'a ke zaɓen firaminista kai tsaye ba, jam'iyya ko haɗakar jam'iyyun da ta samu rinjaye a majalisar wakilai mai kujera 150 ita ke kafa gwamnati, kuma 'yan majalisar jam'iyya na iya shiga ɗaki su kayar da shugabansu. Sau huɗu aka yi wa firaminista mai ci haka tsakanin 2010 da 2018: Rudd, Gillard, Abbott, Turnbull. Irin wannan lissafi na wa ke da ƙuri'a nawa a cikin ɗaki shi ne abincin Insiders, don waɗannan 'yan jaridar a harabar majalisa da ke Kanbera, babban birnin ƙasar, suke yini. Matsalarsa kawai suna magana ne kamar kowa ya san komai, makonni biyu ko uku na farko za ka sha wuya, sai ka fara riƙe cewa jam'iyyar Labor ce ke mulki ƙarƙashin Anthony Albanese, ta ci kujera 94 a zaɓen 3 ga Mayun 2025 inda jagoran adawa Peter Dutton ya rasa har kujerarsa, sannan kar sunan jam'iyyar Liberal ta su Dutton ya ruɗe ka, su ne masu ra'ayin mazan jiya.

Kuma kar ka ɗauka wannan lissafi bai shafe ka ba. A 2024 gwamnati ta so taƙaita sababbin ɗalibai 'yan waje zuwa 270,000, dokar ta maƙale a majalisar dattawa don 'yan adawa da jam'iyyar Greens ta masu rajin kare muhalli sun ƙi, kuɗin bizar karatu kuma ya tashi daga dalar Ostiraliya 710 zuwa 1,600 a Yulin 2024, ya kai 2,000 a Yulin 2025. Wanda ke bin siyasar Kanbera yana jin ƙamshin irin waɗannan tun kafin su iso aljihunsa.

Don haka ni shawarata, kafin ka tashi ka zauna da tsofaffin Q+A kamar guda biyar, ka fara da na 2017 ɗin nan, ka ƙara da waɗanda aka yi gab da ƙuri'ar raba gardama ta Oktoban 2023 kan bai wa 'yan asalin ƙasa murya a majalisa, wadda kusan kashi 60 suka ce a'a. Bayan nan ka mayar da Insiders na kowane mako. Ƙarfe 9 na safiyar Lahadi a Sidni shi ne 12 na daren Asabar a Najeriya, daga Oktoba zuwa farkon Afrilu kuma 11 na dare saboda canjin agogonsu. Manhajar ABC iview ba ta buɗewa a wajen ƙasar, sai dai ka bi ta YouTube ko ka saurari muryar shirin a fodkas har Allah ya kawo ka.