Wata uku ina lalata netwok da hannuna: abin da na gani a netem

Manhajar da muka rubuta wa wasu dillalan hatsi ba ta taɓa ba mu kunya a ofis ba. A kan Wi-Fi ɗinmu, kana dannawa tana amsawa. Amma da yaransu suka shiga kasuwannin ƙauye da ita, sai kira ya fara shigowa: "Malam, buhu ashirin na shigar, ga shi ta rubuta arba'in." Na yi ta gwadawa a kan teburina, ta ƙi yin laifin a gabana. Wani abokin aiki ne ya ce in daina jiran netwok ya lalace, in lalata shi da kaina. Ta haka na san netem, manhajar da ke kwaikwayon mugun netwok don gwaji.

Ba abin saye ba ne. Yana cikin Linux tun 2004, Stephen Hemminger ne ya rubuta shi, kuma kafin zuwansa masu FreeBSD, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Linux, suna da irinsa, Dummynet na Luigi Rizzo. Aikinsa ya tsaya a bakin ƙofar katin netwok, duk ƙunshin bayanin da zai fita ya riƙe shi na ɗan lokaci, ko ya jefar da shi, ko ya ninka shi. Da manhajar tc ake ba shi umarni, kuma layi ɗaya ya isa:

tc qdisc add dev eth0 root netem delay 300ms 80ms loss 2%

Wato a katin mai suna eth0, kowane ƙunshi ya yi jinkirin milisakan 300, da sama ko ƙasa da 80, kuma biyu cikin ɗari su ɓace. Da na ƙara yawan ɓatan, kafin la'asar ɓarawon ya fito. Wayar tana aika lissafi, saba (kwamfutar da ke ajiye bayanan) ta karɓa ta rubuta, amsar ta makara a hanya, wayar ta ɗauka bai je ba ta sake aikawa. Laifina ne, ba na sabis ba. A kan wannan kaɗai netem ya biya kuɗin sabulu.

Sai dai yana da halayen da ba ya faɗa maka sai ka faɗa ciki. Abin da ke fita kawai yake taɓawa. In kana son mai shigowa, sai ka karkatar da shi ta wani katin bogi da ake kira IFB. Ni gajiya na yi da wannan, na sa 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, a tsakanin waya da saba, kowane ɓangare da nasa netem ɗin. Hakan ma ya fi gaskiya, domin idan ka kunna shi a kan kwamfutar da ke aikawa, yakan ga ƙunshin tun bai rarrabu ba, mai girman da ya kai kilobayit 64, ya jefar da shi gaba ɗaya ya ƙirga ɗaya. Jinkiri mai hawa da sauka kuma yana hargitsa jerin ƙunshi, na baya ya riga na gaba, har sai ka haɗa masa da iyakar gudu. Wanda ya fi ci mini lokaci shi ne layin jira: ƙunshi 1000 kawai yake riƙewa in ba ka ƙara ba. Yi lissafi, 1000 sau bayit 1500 a cikin milisakan 300, megabit 40 ke nan a sakan. Ka wuce nan sai ya fara zubarwa shiru, kai kuma kana can kana zargin manhajarka.

Duk waɗannan ana koyonsu a mako ɗaya. Babban ƙorafina daban ne. netem ɗan caca ne, yana jefa ƙuri'a a kan kowane ƙunshi, alhali sabis ɗin ƙauye ba haka yake ba. Yakan yi lafiya lau na minti guda, ya ɗauke ɗif na sakan goma, ya dawo yana jan ƙafa. Akwai tsarin Gilbert-Elliott a ciki, mai sa ɓatan ya zo a dunƙule, ya fi kama da gaskiya, amma har yanzu ƙiyasi ne. Ni kuwa ina da ainihin abin a hannu, domin na sa an ɗauko mini awon jinkirin kowane sakan daga wata kasuwa, tun safe har yamma. So nake in maimaita wannan ranar a kan teburina.

A nan na yi karo da katangar da ke tsakanin kanel, wato zuciyar Linux, da sauran manhajoji. Mafi sauƙin fahimta shi ne gidan Bahaushe. Kanel cikin gida ne, ba shiga, kuma a can netem yake. Manhajarka tana zaure, duk abin da take so sai ta yi sallama, a fito mata da shi. Ƙwaƙwalwar ciki daban, ta zaure daban, don haka abin da zai tsallaka sai an kwafe shi.

Dabarata ta farko ita ce in fito da kayan zaure gaba ɗaya. Linux yana da ƙofar da ake kira TUN: ka buɗe /dev/net/tun, sai ƙunshin bayanan su riƙa zuwa hannun manhajarka ɗaya bayan ɗaya, ka yi abin da ka ga dama, ka mayar. Na rubuta tawa da Python, kuma gaskiya akwai daɗi, don babu irin mugun halin da ba za ka iya koya wa netwok ba. Amma kowane ƙunshi sallama biyu ne da kwafi biyu, fitowa da komawa. Da lodi ya yi yawa, ɗan Raspberry Pi ya fara haki, jinkirin da manhajata ke ƙarawa da kanta ya cakuɗe da wanda nake son kwaikwayo, har na kasa rabe su. Ba aibin TUN ba ne. Mahimahi, manhajar kwaikwayon netwok ta jami'ar MIT, ma da ita take aiki, amma da C++ aka rubuta ta, ba a dare biyu irin tawa ba. Na leƙa NFQUEUE ma, wata ƙofar fito da ƙunshi zaure, na janye da na ga in manhajarka ta mutu ƙunshin suna zubewa, sai in ka sa masa alamar wucewa tun farko.

Abin da ya fisshe ni yana gabana tun ranar farko. tc kansa a zaure yake. Ba ya taɓa ƙunshi ko ɗaya, saƙo kawai yake aikawa ciki ta netlink, hanyar magana da kanel: jinkiri kaza, ɓata kaza. Hatta jadawalin rabon jinkiri, irin su normal da pareto, daga zaure ake miƙa shi. To me ya sa zan kwaso buhuna waje, alhali ɗan aike ya isa? Sai na bar ƙunshin a ciki, na rubuta 'yar manhajar da ke karanta awon kasuwar nan, duk sakan ɗaya ta canza saitin netem ta hanyar pyroute2, kayan aikin Python mai magana da netlink kai tsaye. Saƙo ɗaya a sakan maimakon dubban kwafi. Ba ya kama abin da ya faru a tsakanin sakan da sakan, amma ga manhajar lissafin buhu ya wadatar, kuma ya tono mini wasu kurakurai biyu da cacar ba ta taɓa nunawa ba.

Zan ba da shawarar netem ga duk mai rubuta manhajar da za ta fita daga birni, muddin yana da haƙurin karanta littafin umarninsa, wanda ba a rubuta shi don baƙo ba. Yana buƙatar izinin mai gida, wato root, kuma ba ya tambayarka ko ka tabbata. Ranar da na gwada ɗaukewar sabis gaba ɗaya, ɓata ɗari bisa ɗari, a kan katin da nake shiga Pi ɗin daga nesa ta SSH na sa shi. Ina gida, shi yana ofis a kulle. Sai da gari ya waye na je na zare masa wuta.